Shekarun da Gangamau ɗin Yaya Ya Koɗe

Wanda ya fara cewa yayana yana zuba garin rogo a cikin gangamau, mutum ne da ya daɗe yana cin arzikin gonar yayan nawa. Mai kayan yaji ne a bakin kasuwa, kuma tun yana kasa kaya a kan buhu, kafin ya samu rumfa mai rufin kwano, gangamau ɗin Yaya ne ke jawo masa mata. Bai iya zuwa ya faɗa wa Yaya a fuska ba. Wata mai sayayya ya gaya wa, ita ta gaya wa maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta kawo niƙan barkono wurina, ta zauna a benci tana ba wata labari da ƙarfi don ta rinjayi ƙarar inji. Ba ta san ƙanwar mai gangamau ɗin ce ke tsaye a kanta ba.

Na kashe inji. Na ce, "Baiwar Allah, maimaita."

Ta maimaita, amma a hankali wannan karon.

Na ce, "Duk gangamau ɗin da ya fita daga gonar nan, a bakin injin nan yake bi. Ni nake zubawa, ni nake tarewa, ni nake ɗaure buhu. In akwai rogo a ciki, ni na zuba. Kin ga na yi miki kama da mai algus?"

Ta kwashi barkononta rabi niƙaƙƙe rabi tsaba ta fita. Amma abin da ya fi ƙona mini rai a ranar, na san rabin maganar gaskiya ce. Garin ya koɗe. Ni da hannuna na ga yana koɗewa shekara bayan shekara.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu. Da mahaifinmu ya rasu, ya ajiye littafi ya shiga aikin haƙa ramin bututun ruwa, kuma da wannan diga da shebur ɗin na gama sakandare. Mutum ne da magana ke yi wa nauyi. In ka gaishe shi zai amsa, in ka tambaye shi zai yi shiru har ka ɗauka bai ji ba, sannan ya ba ka amsa a kalma biyu. Da aikin bututu ya ƙare, gwiwa kuma ta fara yi masa ƙara in zai tashi, sai ya samu wani fili a gangaren bayan gari, ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwana a kanta. Maƙwabtansa na gona duk masara da tumatir suke yi. Shi kuwa ya zo da ɗan ƙullin saiwa a aljihu, wanda ya karɓa wurin wata tsohuwa mai sayar da itatuwan magani. Ƙanana ne, a murɗe, kamar yatsun jariri. Amma in ka karya ɗaya, cikinsa ja ne kamar gwaiduwar ƙwan kazar gida, ƙamshinsa kuma sai ya bi ka har ɗaki.

Shekarun farko bai sayar da ko ƙwaya ba. Abin da ya haƙa, shi yake mayarwa ƙasa. Matarsa, wadda nake kira Antinmu, ta ce ta auri mutumin da ke noman abin da ba a ci, ba a sayarwa, sai dai a binne a tono, kamar kare da ƙashi.

Gangamau ba ya son gaggawa. Kusan watannin da mace ke yi da ciki yake yi a ƙasa. Ganyensa fatsa-fatsa ne, kore shar, kuma muddin yana tsaye, abin da ke ƙasa bai gama haɗa launinsa ba. In ka haƙa a lokacin, za ka ga saiwa ƙatuwa ka yi murna, ka dafa, ka shanya, ta tsotse ta koma kamar busasshen tsiro, ka niƙa ka samu gari fari-fari marar ƙamshi. Sai ganye ya yi rawaya, ya bushe, ya zube a kan kunya. Duk wanda ya tambayi Yaya yaushe za a haƙa, amsarsa ɗaya ce, "Sai ya kwanta." Har ’yan gona suka laƙaba masa, in ya doso su ce ga Sai-ya-kwanta nan. Kuma shi ba ya taɓa gona sai ganyen ƙarshe ya kwanta. Ko da saura gindi ɗaya a tsaye, zai jira shi.

In an haƙa, akwai uwa, wato dunƙulen tsakiya, akwai ’ya’yan da suka fito a jikinta. Na sayarwa a dafa su a rabin ganga har tsinke ya shige su, a baza a rana, a murje ɓawon, a kawo mini. Na iri kuwa ba ya ganin wuta. Yaya ke zama shi kaɗai a gindin bishiyar gonar, ya jawo tarin gabansa, ya karya ɗan yatsa daga kowane gindi ya duba. Wanda ya yi masa ja sosai ya jefa dama, sauran hagu. Ba ya barin kowa ya taya shi wannan aikin. Antinmu ta taɓa miƙa hannu, ya ce, "Je ki duba wutar ganga."

Haka sunansa ya fita. Mata ba sa cewa a ba su gangamau, sai su ce a ba su na Sai-ya-kwanta. Ɗan kaɗan a bakin cokali ya rina tukunyar shinkafa. Ni kaina in na niƙa nasa, sai na wanke inji sosai kafin in zuba wa wani hatsi, in ba haka ba mai hatsi ya dawo da faɗa.

Ɓarnar ta shigo ta hanyar alheri, shi ya sa babu wanda zan kama in zaga. Mijin ’yarsa, yaron kirki, ya je wani wuri ya ga wani irin gangamau mai manyan ’ya’ya, mai saurin nuna, ya ɗauko buhu guda ya kawo wa surukinsa tsaraba. Yaya ya karya ɗaya, ya ga cikinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, ya san ba sa’an nasa ba ne. Amma kunyar suruki ta hana shi mayarwa. Ya shuka shi a gefe, can bakin shinge. Da aka haƙa, ya tara irin kowanne daban a inuwa ya rufe da ganye. Sai awakin wani suka fasa shinge suka watsa tarin biyu, hadari kuma ya taso, Antinmu da ke gonar ita kaɗai ta kwashe komai ta tara wuri ɗaya don kada ruwa ya tafi da shi. Da Yaya ya zo ta fara ba shi haƙuri, ya ce, "Bar shi. Ai ina karyawa zan gane nawa."

Ya karya, ya ware, ya shuka. Ba wanda ya ƙara tunawa da zancen.

Shekara ta zagayo, buhunansa suka ƙaru, kowa ya yi masa barka. Na niƙa, na ga garin bai kai na da ja ba, na ce wataƙila damina ce. Wata shekarar ya ƙara haske. Na ce masa, "Yaya, gangamau ɗin nan fa yana koɗewa." Ya ɗebo a tafin hannu, ya kai fuska, ya juya shi a rana, ya ce, "Idonki ne. Ƙurar inji ta cika miki ido."

Amma maganar ta zauna masa, domin ba ni kaɗai na faɗa ba. Shi abin da ya sani game da koɗewa ɗaya ne, haƙa da wuri. Saboda haka ya ƙara jira. Ganye ya kwanta, ya bar shi. Ganye ya ruɓe, ya bar shi. A shekarar da abin ya fi muni ya bar gonar har ruwan farko ya sauka, saiwar ta fara tsiro a cikin ƙasa, ta shanye kanta, muka haƙo abu mai zare-zare kamar soson wanka. Injina har shaƙewa ya riƙa yi. Wannan garin ne ya je rumfar mai kayan yaji, kuma a kansa aka ce rogo.

Na je rumfar a ranar da na ji. Ba zan rubuta duk abin da na faɗa ba. Ya ce, "Hajiya, ni fa kasuwa nake yi. Mata suna dawo mini da kaya. In ba a haɗa shi da komai ba, me ya same shi?" Na ce ban sani ba, amma mutumin da ya yi shekaru yana binne abincinsa a ƙasa don kada ya sayar da abin da bai kai ba, ba shi ne zai tsufa ya koyi algus ba. Ya ce, "To ki kawo mini dalili." Na dawo ina huci.

Maganar ta kai kunnen Yaya, kamar yadda irin wannan magana take kaiwa. Daga nan ya daina bi ta layin kasuwa, ya riƙa zagayawa ta bayan makaranta da gwiwar nan tasa. Ya daina zama a bencina in ya kawo niƙa. Rannan Antinmu ta ce mini ya fara zancen bayar da gonar, wai in mutum ya kai inda ake ce masa ɓarawo a kan abin da ya fi iyawa, gara ya zauna a gida. Duk da haka ya shuka a wannan daminar, don irin yana nan a tare kuma ba ya iya kallonsa ya lalace.

Antinmu ce ta warware abin, ba tare da ta san ta warware ba. Ta zo niƙa da rana, ta zauna tana fifita da gefen mayafi, tana kai ƙarar mijinta kamar yadda ta saba.

"Yayan nan naki, Mai Inji, tsufa ya sa shi fitina. Kullum in na wanke masa farar riga sai ya ce ta yi ja, wai ban sa bula ba. Jiya na zuba bula har rigar ta koma kamar sararin sama, ya ɗaga ya ce yauwa, yau kin yi wanki. Ya saka abarsa ya fita, yara suna kallonsa."

Na yi dariya, sannan na tuna garin nan da ya duba a rana bai ga koɗewarsa ba. Na ce, "Antinmu, tun yaushe?"

"Ai an daɗe. Har bangon ɗaki ya ce hayaƙi ya ɓata, bangon da aka shafa wa farar ƙasa bara."

Na tambaye ta ko tana da tsohon gangamau, na kafin zuwan buhun suruki. Ta ce akwai ’yan busassu a wata kwalba da take ajiyewa don ciwon ciki. Na daka su a turmi, na ɗebi na bana, na zuba su gefe da gefe a farin faranti. Ko yaron goye zai ga bambanci, ɗaya kamar garin jan bulo, ɗaya kamar garin masara. Na same shi a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya, na ajiye farantin a gabansa.

"Yaya, wanne ne naka na da?"

Ya duba. Ya ɗaga farantin ya matso da shi. Ya ce, "Wane irin wasa ne wannan? Ai abu ɗaya ne."

Antinmu ta dafe ƙirji. Ni kuwa, da yake ba a yi ni da iya zagaye ba, na ce, "Ba abu ɗaya ba ne. Idonka ne ya lalace, Yaya. Komai ja kake ganinsa. Shekara nawa kana zaune a gindin bishiya kana zaɓen iri da idon da ba ya raba ja da fari."

Ya lakato na dama ya shinshina, ya lakato na hagu ya shinshina. Hancinsa bai tsufa ba. Na ga hannunsa ya sauka a hankali ya dafa ƙasa.

Can ya ce, "In duka ja nake gani, to manya na riƙa ɗauka." Ya faɗa ne kamar mai yi wa kansa lissafi. Hannun manomi in an bar shi da zaɓi, mai nauyi yake ɗauka, mai nauyin kuwa shi ne irin suruki. Kowace shekara da hannunsa yake jefa nasa cikin ganga yana dafawa, yana adana baƙon.

A asibiti likita ta haska idon ta ce yanar ido ce, ta yi kauri a duka biyun, kuma irin wadda ke sa mutum ya ga duniya kamar ta cikin ruwan shayi. Ta ce da yake a hankali take zuwa, mai ita ba ya sanin launi ya gudu masa. Aka sa ranar aikin ido ɗaya, ranar kuma ta faɗo daidai lokacin da ganye ya fara rawaya. Yaya ya so ya ce a ɗaga sai bayan haƙa. Na ce, "Ka haƙa ka zaɓa da wane idon?" Aka yi aikin a ranar da aka sa.

Bayan aikin aka hana shi sunkuyo, aka hana shi ƙura da rana. Yana kwance a ɗaki da baƙin tabarau, abin duniya ya ishe shi, domin bai san ko akwai sauran jan a gonar ba ko ya dafa na ƙarshe bara. Na je duba shi da safe, na tarar ya kafa ido a rufi.

Ya ce, "Auta, kin bi ta gona?"

"Na bi. Ya kwanta, saura ɗaiɗai."

"Ɗaiɗai a ina? Wuri ɗaya, ko a warwatse?"

"A warwatse. Nan ɗaya, can ɗaya, kore shar kamar ba su san rani ya zo ba."

Ya tashi zaune har Antinmu ta yi masa tsawa. Ya ce, "Su ne. Na yaron nan mai saurin nuna ne, shi ke riga kwanciya. Nawa shi ke daɗewa a tsaye." Ya ƙara da cewa, "Duk shekara ina ganinsu. Sai in ce bari in jira su. In sun kwanta kuma duk gona ta zama ɗaya, in haƙe gaba ɗaya."

Wannan ne abin da har yau nake juyawa a raina in inji yana aiki. Da Yaya mai gaggawa ne, da ya shiga gona tun rabi na tsaye, da ya ga gindin da ke tsaye daban yake da na kwance. Jiran nan da aka san shi da shi, wanda ya yi masa suna, shi ne ya riƙa shafe masa alamar da ta rage bayan ido ya tafi. Ban san yadda mutum zai tsare kansa daga abin da ya fi iyawa ba.

A ranar muka yayyaga wani tsohon zanen Antinmu, muka shiga gonar ni da ita, duk gindin da ganyensa ke tsaye mu kafa kara mu ɗaura tsumma. Tana tafe tana mita, wai ta yi shekaru ana korarta zuwa wutar ganga, yau ga ta ita ce mai zaɓen iri. Ba su da yawa. In ka tsaya a bakin shinge ka hango tsummokaran, kana iya ƙirga su.

Da likita ta sake shi, waɗannan ma sun kwanta. Ya haƙa masu tsumma da kansa, a durƙushe, da hannu da ɗan ƙaramin magirbi. Ya karya na farko, ya rufe tsohon idon da tafin hannu ya duba da sabon. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya rufe sabon ya duba da tsohon, ya girgiza kai. Wasu masu tsumman sun fito fari, inuwa ce kawai ta hana su bushewa da wuri. Amma mafi yawa ja ne, jan nan na da. Duka abin da ya tsira bai cika babban kwando ba.

Sauran gonar aka haƙe, aka dafa, na niƙa. An haƙa shi a kan kari wannan karon, ya fito da kyau irin nasa, rawaya mai haske, ba laifi, amma ba shi ne abin da mata ke nema da suna ba. Yaya ya ce shi zai kai kasuwa da kansa, kuma ta layin da ya daina bi. Na rufe inji na bi shi, don na san in aka bar shi shi kaɗai ba zai faɗi rabin abin da ya kamata ba.

Mai kayan yaji ya gan mu ya fara gyara zaman gwangwanaye. Yaya ya ciro ɗanyun ’ya’ya biyu daga aljihu, ya karya su, ya ajiye a kan teburin. Matan da ke sayayya suka matso.

Ya ce, "Wannan shi ka saba saye. Wannan shi na riƙa kawo maka ban sani ba. Iri biyu ne suka haɗu, idona bai raba su ba. Da ka ce ya koɗe, ya koɗe, ka riga ni gani. Rogon ne babu."

Mutumin ya ce, "Haba Baba, ai ni ban ce rogo ba, mutane ne da baki."

Na buɗe baki, Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya nuna buhun ya ce, "Na bana fari ne. In za ka saya, ka sayar da shi a farinsa, kada ka kira sunana a kai."

"To jan fa? A ajiye mini, ko nawa ne."

"Babu na sayarwa. Bana babu, baɗi ma da wuya."

Ya sayi farin. Bai ba da haƙuri ba, har yau kuma bai bayar ba, shi ya sa in ya aiko yaransa da niƙa nake ce musu inji ya yi zafi. Cikin matan da suka ga karyayyun ’ya’yan nan biyu, wasu sun kai labarin inda ya kamata. Wasu kuma har gobe in an ambaci Yaya sai su ce, ai wannan ne aka taɓa kamawa da rogo. Ba wanda ya kama shi da komai, amma na gaji da tsayar da inji a kan kowace mai baki.

Gonar dai bai bayar ba. Jan da ya tsira ya shiga ’yan kunyoyi a tsakiyar fili, nesa da shinge, sauran wurin ya zuba masara kamar kowa.